Rumbun Ƙungiya: Kwamfuta da Amanar Jama'a a Garin Jos

Gabatarwa

Duk wanda ya san Jos ya san gari ne na ƙungiyoyi. Tun farkon ƙarni na 20, lokacin da haƙar kuza ta tara mutane daga Kano da Katsina da Zariya da Barno da ƙasashen kudu, baƙon da ya sauka a garin nan ba shi da dangin da ya wuce ƙungiyarsa. Har gobe abin bai canza ba. Ka bi Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da Nasarawa da Tudun Wada, ka gangara har Bukur, da wuya ka sami layin da babu ƙungiyar matasa, ko ta 'yan sintiri, ko ta mata masu adashi, ko ta teloli, ko ta masu sayar da kayan gwari. Su ne ke yashe magudanan ruwa kafin damina ta kankama, su gyara maƙabarta, su biya wa maraya kuɗin jarrabawa, su haɗa kuɗin asibiti idan ciwo ya kwantar da wanda ba shi da hali.

Na riƙe kujerar sakatare a ƙungiyar ci gaban unguwarmu har tsawon shekara uku, ina yi ina zuwa makaranta. Abin da nake so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan rubutu a can na samo shi. A taƙaice shi ne, duk wani aikin kwamfuta da ƙaramar ƙungiya take bukata, akwai manhajar da za ta yi mata shi ba tare da ta biya ko kwabo ba. Sai dai kyautar ba za ta amfane ta ba, har sai bayanan da aka tara da mabuɗinsu sun kasance a hannun ƙungiya gaba ɗaya, maimakon hannun mutum guda.

Littafi Ɗaya a Hannun Mutum Ɗaya

Abin da yake riƙe da kowace ƙungiya shi ne littafinta. A ciki ake sanin wa ya biya, wa ake bi, me aka yanke a taron watan jiya, nawa kuma ya rage a asusu. Idan littafin nan ya ɓace, yarda ma takan bi shi.

Kawuna yana cikin masu shago a babbar kasuwar Taminus lokacin da gobara ta cinye ta a watan Fabrairun 2002. Ni ban yi wayo ba a lokacin, amma na tashi ina jin labarin a bakinsa. Yakan ce yadin da ya ƙone tuni ya manta da shi, domin Allah ya musanya masa. Abin da bai dawo ba shi ne littafin ƙungiyar 'yan layinsu, wanda yake kwana cikin akwati a shagon ma'aji, ɗauke da lissafin adashi da na bashi na shekaru. Bayan gobara aka zauna, kowa ya faɗi abin da ya zuba, aka haɗa, sai aka ga ya zarce abin da ke ƙasa. Babu wanda za a ce ya yi ƙarya, babu kuma hanyar da za a tabbatar da mai gaskiya. Mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa.

Bayan shekara 10, a watan Yulin 2012, ruwa ya yi irin wannan ɓarna. An tafka ruwan sama, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ta ci rayuka fiye da 30, ta rushe gidaje. Wannan kam na gani da idona. Ina tuna yadda aka riƙa shanya takardu a rana, takardun makaranta da na filaye da littattafan adashi, tawada ta narke, shafi ya manne da shafi.

Mai karatu zai iya cewa ai yanzu zamani ya canza, komai ya koma waya. Gaskiya ne, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023 bayan sauya fasalin naira, wanda ya tura ƙungiyoyi da yawa ga tiransifa, shaidar biya ta koma hoto. Amma waya ta fi littafi saurin tafiya. Ranar da aka miƙa mini aikin sakatare, abin da na gada shi ne jakar leda da littafi guda wanda rubutunsa ya tsaya shekara biyu baya. Sauran bayanan suna cikin wayar wanda na gada, shi kuwa ya sami aiki ya koma Abuja, a can kuma aka zare masa wayar a tasha. Mutumin kirki ne, bai ci kwabon kowa ba, amma tarihin ƙungiya na shekara biyu ya tafi tare da ɓarawon da bai ma san abin da ya ɗauka ba.

Kyauta da 'Yanci

Da na kawo shawarar mu mayar da lissafinmu cikin kwamfuta, ma'ajinmu, wanda sa'an mahaifina ne, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai yaro, mu da muke neman kuɗin siminti, ina mu ina kwamfuta?" Na ce, "Baba, injin muna da shi, wanda ɗan unguwar nan ya ba mu sadaka. Abin da za a zuba a ciki kuma kyauta ne." Ya ce, "Kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shi mai kyautar me yake nema a wurinmu?"

Tambayar Baba ita ce tambayar da ya kamata kowace ƙungiya ta fara da ita, domin abin da muke kira kyauta a harkar kwamfuta iri uku ne.

Na farko kayan sata ne. Shi ne manhajar kuɗi da aka fasa makullinta, wadda masu gyara suke zuba wa mutum a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba ta samun gyare-gyaren tsaro yadda ya kamata, sau da yawa kuma tana zuwa da cutar kwamfuta a cikinta. Ƙungiyar da take riƙe da amanar marayu bai dace ta ɗora lissafinta a kan kayan sata ba.

Na biyu kyauta ce mai igiya a ƙafa. Gmail da Google Drive da WhatsApp da Facebook duk ba a biyan kuɗin shigarsu, kuma suna da amfani ƙwarai, amma gidan na kamfani ne, mu 'yan zaman aro ne. Mai gida yana iya canza sharaɗi ran da ya ga dama. A watan Yunin 2021 Google ya daina ba da wurin ajiyar hotuna mara iyaka da yake bayarwa kyauta. Daga Disamban 2023 kuma ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba ana iya share shi. A watan Mayun 2025 Microsoft ya rufe Skype, bayan mutane sun yi shekara da shekaru suna kiran 'yan'uwansu na ƙetare da ita. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku shi ne manhaja mai 'yanci. A nan akwai abin sha'awa gare mu ɗaliban harshe, domin Turanci kalma ɗaya yake da ita wadda take ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci, har masu wannan harka sukan sha wahalar bayyana wadda suke nufi. Hausa kuwa ta raba su tun asali. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka mai suna Richard Stallman ne ya fara wannan yunƙuri a 1983, ya kafa masa gidauniya a 1985. Manufarsa ita ce mutum ya sami 'yanci huɗu: ya yi amfani da manhaja yadda yake so, ya duba yadda aka gina ta, ya kwafa ya ba maƙwabcinsa, ya kuma gyara ta ya raba gyaran. A 1991 wani ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da nau'in Linux mai sauƙin amfani, ya sa masa suna Ubuntu, kalmar da take nufin mutuntaka a harsunan Zulu da Xhosa. Har zuwa 2011 kamfaninsa yana aika faifansa ta gidan waya kyauta ga duk wanda ya nema.

Amsar da na ba Baba ita ce, irin wannan manhaja kamar rijiyar unguwa ce da aka haƙa da aikin gayya. Kamfanoni da jami'o'i da masu sa kai ne suke gina ta domin su ma suna bukatarta. Wanda ya haƙa zai sha, wanda bai haƙa ba ma zai sha, babu kuma mai ikon sa mata kwaɗo. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, a gwada, amma littafina yana nan."

Abin da Muka Zuba wa Tsohuwar Kwamfuta

Kafin mu taɓa injin, sai da muka zauna muka rubuta a takarda ayyukan da ƙungiya take yi a kowane wata. Suka fito guda huɗu: rubuta bayanin taro, lissafin kuɗin wata, rubuta wasiƙu, da riƙe sunayen waɗanda ake tallafa wa. Ina ba kowace ƙungiya shawara ta fara daga nan, domin wanda bai san abin da zai saya ba shi ake yi wa ciniki a kasuwa.

Kwamfutar da aka ba mu ta tafi-da-gidanka ce, tsohuwa, tana jan ƙafa. Irinta ta fi dacewa da mu a kan ta tebur, saboda batirinta yakan riƙe aiki idan an ɗauke wuta. Irin waɗannan injuna sun yi yawa yanzu, domin a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista ta musamman, kuma da yawa daga cikin tsofaffin injuna ba sa iya ɗaukar Windows 11. Ba sai an jefar da su ba. Mu mun zuba wa tamu Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, kuma tana da nau'i mara nauyi domin tsofaffin injuna. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya tayar da ita daga filashi a gwada ta tukuna, ba tare da an goge komai ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

A cikinta akwai LibreOffice, wadda aka kafa a 2010, kuma tana aiki a kan Windows ma ga wanda ba ya son canza gida. Sashenta mai suna Writer shi muke rubuta bayanin taro da wasiƙu da shi. Sashen Calc kuwa shi ya zama littafin kuɗi: kowane mamba da layinsa, kowane wata da gurbinsa, jimla tana fitowa da kanta a ƙasa. Tana buɗe takardun Word da Excel, don haka wanda ya turo mana wasiƙa daga ofishin ƙaramar hukuma ba ya sanin bambanci. Idan za mu buga takarda, mukan mayar da ita PDF mu tura wa mai shagon bugawa, domin tsarin rubutun kada ya wargaje, kuma filashinmu kada ya shiga injin da mutum ɗari suka soka nasu. Tsohon littafin Baba da wanda na gada kuwa, shafi-shafi muka ɗauke su hoto da waya, muka jera su bisa shekara.

Da za mu ƙidaya marayu da zawarawan unguwa, mun yi amfani da KoboToolbox, wadda masu aikin agaji suke tattara bayanai da ita a ƙasashe da dama. Ana tsara tambayoyin da Hausa, matasa su bi gida-gida da waya ko babu intanet, idan an sami sabis sai bayanan su tafi wuri ɗaya.

Ƙa'ida ɗaya muka riƙe: kowace manhaja daga shafin masu ita ake sauko da ita. Mutum ɗaya ya sauko da ita inda intanet yake da ƙarfi, ya zuba a filashi, ƙungiya goma su kwafa. A manhaja mai 'yanci wannan halal ne, masu ita ma haka suke so.

Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Akwai wata rigima da na tarar a ƙungiya wadda ta shafi darasinmu kai tsaye. A wani tsohon saƙo da aka tura wa mambobi game da tallafin wata bazawara, an rubuta "an bata kudin". Wasu suka karanta an ba ta kuɗin, wasu kuma suka karanta an ɓata kuɗin. Magana ta yi tsawo, har sai da aka aika wa matar ta tabbatar da cewa ta karɓa. Ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya suka kusa zubar da mutuncin dattijo.

Matsalar ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta tsohuwa ce. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta masu ƙugiya, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka daɗe suna cin moriyarsu. A wancan zamani, idan ka kai rubutunka injin da ba a zuba masa irin haruffan ba, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su koma wasu alamomi. Yanzu tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin wadda duk injuna suka yarda da ita. A waya, allon rubutu na Gboard yana da Hausa, shiga saiti kawai za a yi a ƙara ta. A kwamfuta akwai Keyman, wadda cibiyar nazarin harsuna ta SIL take bayarwa kyauta, tare da haruffa irin su Charis da Andika. Maƙwabtanmu ma abin ya shafe su, domin harsunan Filato irin su Ngas da Tarok suna da ɓ da ɗ a rubutunsu.

A littafin kuɗi abin ya wuce ado. Idan yau an rubuta Ɗanladi, gobe aka rubuta Danladi, kwamfuta mutum biyu take gani, sai a wayi gari ana bin wanda ya biya bashi. Don haka muka tsayar da rubutu ɗaya ga kowane suna, muka kuma ba kowane mamba lamba.

Mabuɗin Rumbu

Garin Jos yana da tarihi a wannan fage wanda ɗalibai da yawa ba su sani ba. A 1999 wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya zo koyarwa a Jami'ar Jos, ya ga yadda malamai da ɗalibai suke fama da rashin intanet. Da ya koma Jami'ar Iowa, shi da abokan aikinsa suka kafa shirin WiderNet a 2000, daga nan kuma aka samar da eGranary, sunan da yake nufin rumbun hatsi na zamani. Dabarar ita ce a kwafo ɗimbin littattafai da shafukan ilimi da izinin masu su, a zuba a faifan ajiya guda, a ajiye shi cikin makaranta, kowa ya karanta ko babu intanet. Tunanin da aka samo a garinmu ya yaɗu zuwa makarantu da asibitoci a ƙasashe da yawa.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne na manomi: hatsin da yake rumbunka shi ne naka. Saboda haka muka yi wa bayananmu rumbu uku. Na farko ita kanta kwamfutar. Na biyu filashi, wanda ake sabuntawa bayan kowane taron wata, yana kwana a gidan shugaba, can kan tudu nesa da rafi. Na uku asusun Google na ƙungiya, wanda gigabait 15 da yake bayarwa kyauta sun ishi takardun ƙaramar ƙungiya na shekaru masu yawa. Kowane ɗaya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wanda ya ga dokar hana fita ta sa'a 24 da aka sa a Jos ta Arewa a watan Agustan 2021 ya san akwai ranar da ba za ka iya isa inda injin yake ba. Wanda kuma ya ji yadda aka katse layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumban wannan shekara ya san akwai ranar da intanet ɗin ne ba za ka samu ba. Har ila yau, duk ƙarshen wata mukan buga lissafi a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu, a karanta a gaban taro. Littafin Baba ma bai yi ritaya ba, shi ne ake gwada na kwamfuta da shi.

Sai maganar mabuɗi, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Imel ɗin da aka buɗe da sunan ƙungiya aka buɗe shi, ba da sunana ba. Layin wayar da aka ɗaura shi a kai na ƙungiya ne. Tun da yake daga Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, sai muka rubuta a bayanin taro sunan wanda aka yi rajistar da lambarsa, da cewa riƙon amana yake yi. Ana sa wa layin kati a kai a kai, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da shi ga wani, shi kuma sabon mai layin saƙonnin sirrinku za su riƙa zuwa masa. Kalmar sirri mutum uku suka san ta, an kuma rubuta ta an rufe a ambulan a wurin shugaba. Duk ranar da aka canza shugabanni, ana canza ta a gaban tsofaffi da sababbi.

Ɓarayin Zamani

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Damfarar da ta fi addabar ƙungiyoyi a yau sananniya ce. Wani zai kira ka, ya ambaci sunan ƙungiyarku daidai, ya ce za a yi taro ta waya da dare, an turo maka wasu lambobi 6, ka karanto masa domin ya sa sunanka. Lambobin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da zarar ka faɗa, ya ƙwace, sai ya bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya da sunanka yana neman rance na gaggawa. Maganinsa yana cikin saitin manhajar, inda ake kunna tabbaci mai mataki biyu, mutum ya zaɓi lambar sirri tasa ta kansa. Mun ware ɗan lokaci a wani taro, matasa suka zauna da iyaye suka kunna wa kowa. Muka kuma yi doka uku: ba a faɗa wa kowa lambar da ta shigo waya, ba a tura kuɗi saboda saƙon rubutu sai an kira an ji murya, ba a kuma rubuta wa mutum ya biya saboda hoton rasit ko alat sai ma'aji ya ga kuɗin a asusu.

Akwai kuma amanar sunaye. Jerin marayu da zawarawa, da gidajensu da lambobin wayarsu, ba abin watsawa a zauren WhatsApp ba ne. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa masu tara bayanan mutane nauyin kiyaye su da bayyana dalilin tara su. Ko babu doka, garin da ya ga abin da ya gani a 2001 da 2008 da 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan haɗarin jerin sunaye da adireshi idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Abin da ba a bukata kada a tambaya, abin da aka tara kuma a kulle shi.

Rabonmu Mu Ɗaliban Harshe

Garin Jos bai rasa masana kwamfuta ba. Ga jami'a, ga cibiyoyi irin su nHub da take horar da matasa tun 2015. Abin da na ga ya yi ƙaranci shi ne mai fassara tsakanin masanin da dattijon da yake riƙe da kuɗin jama'a. Yawancin manhajojin nan da Turanci suke magana, waɗanda amanar take wuyansu kuwa da Hausa suke tunani. Baba ma'aji bai saki jiki da kwamfuta ba sai ranar da na rubuta masa bayani na shafi biyu da Hausa, mataki-mataki, daga kunna inji har kashe shi. A ciki na kira filashi ƙaramin rumbu, na kira kwafin ajiya iri, wato hatsin da ba a ci sai a ajiye domin shuka. Bayan wata biyu na ji shi yana tambayar wani yaro ko an ɗebi irin wannan wata.

Wannan aikinmu ne. Abin da muke koya na ƙirƙirar kalmomi da fassara da ƙa'idojin rubutu, ga inda ake jiran sa. Wanda yake son ya wuce unguwarsu kuma, ga Wikipedia ta Hausa tana neman marubuta, ga shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin masu jin Hausa domin injuna su iya gane maganarmu. Duka biyun kowa yana iya sa hannu.

Kammalawa

Ya kai ɗan'uwa ɗalibi, idan aka yi hutu ka koma gida, ka tambayi ƙungiyar layinku ko ta adashin mahaifiyarka tambaya uku. Ina littafin yake kwana? Idan ya ɓace yau, ina na biyunsa? Wa da wa suka san mabuɗin? Idan amsar duka ukun sunan mutum ɗaya ce, to ka sami aikin hutu. Ka ɗauki hoton shafukan, ka buɗe musu asusu da sunan ƙungiya, ka sa musu allon rubutu na Hausa, ka rubuta musu bayani da harshen da suke ji, sa'annan ka koya wa mutum biyu kafin ka dawo makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi tun kafin ta iso.